Sati uku ina neman abin da ke kashe Golf ɗina, ashe sukuru ɗaya ne

Alhamdulillahi. Jiya da la'asar na fita ta hanyar Daura har Mashi na juyo, da gangan nake faɗawa duk wani rami da gargada, injin bai yi ko tari ɗaya ba. Sati uku kenan rabona da in riƙe sitiyarin motar nan hankalina kwance. Na ce bari in zauna in rubuta muku tun abin yana ɗanye a kaina, don na san akwai masu shirin sa wa tsofaffin motocinsu sikiriti, wato ɓoyayyen makunnin da ke hana ɓarawo tayar da mota, da hannunsu, kuma ba na so wani ya sha irin wahalar da na sha.

Motar Golf 3 ce, ƙirar 1993, injin 1.8 mai nozul ɗaya a tsakiya, wato Mono-Motronic. Irin na farko-farkon nan ne da ba su zo da makulli mai kwamfuta ba. Bakin makullinta kuwa ya cinye, har kana iya zare makullin injin yana aiki. Abin da ya tayar da ni shi ne motar maƙwabcina da aka ɗauke ranar Juma'a, yana cikin sahu, ya idar da salla ya fito sai fili. Har yau shiru. Mu da ke Katsina mun san boda ba nisa, ta Jibiya ko ta Kwangwalam, in mota ta yi awa biyu ba a gan ta ba, sai addu'a.

Ban taɓa wayar kik ba. Mota mai giyar hannu, ka yanke kik, mutum biyu su tura ta ta tashi, me ka yi? Famfon mai na nufa. In famfo bai samu wuta ba, kik zai juya lafiya, injin ma ya ɗan kama da ragowar man da ke layi, sannan ya mutu. Ɓarawo zai ɗauka halin tsohuwar mota ne, kuma ba shi da lokacin buɗe bonet a bainar jama'a.

Gwajin farko ba zan daɗe a kansa ba. Na yanke wayar famfo na sa ƙaramin makunni kai tsaye, irin na ɗari biyar ɗin nan. Kwana huɗu na kai hannu na ji ya yi ɗumi, robar bayansa ta fara laushi. Wutar famfo ba ta ƙaramin makunni ba ce, fiyus ɗinsa ma mai lamba 18 am 20 ne (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Na cire tun bai jawo mini gobara ba.

Sai na koma rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa shi kuma ya saki babbar wuta. Na mota, mai lamba 167 a cikin akwatin fiyus, ban taɓa shi ba, domin bayan akwatin nan cunkushe yake kuma robobin sun tsufa, ka ja ɗaya biyu su karye. Na ƙara nawa daban, mai ƙafa huɗu, am 30, a kan wayar da ke tafiya tanki. Ɓarin da ya fito daga fiyus na kai ƙafar rile mai lamba 30, ɓarin da ya nufi famfo na kai mai lamba 87. Ƙafa ta 86 na ɗauko mata wuta daga 30 ɗin da guntuwar waya, saboda haka rile nawa ba ya samun komai sai 167 ya saki wuta, ba ruwansa da shan batir in mota tana ajiye. Ita kuma 85 na ja siririyar waya zuwa ɓoyayyen makunni, daga makunni zuwa bodi. Wannan tsarin har yanzu ina alfahari da shi. Wutar da ke bi ta makunnin ba ta kai rubu'in am ba, kuma da yake ɓangaren negetif ne, ko wayar ta goge ta taɓa ƙarfe ba abin da zai ƙone, iyaka sikiritin ya daina aiki. Kada ku tambaye ni kalar wayar famfo. Motocinmu hannu nawa ya bi ta kansu kafin su iso gare mu? Ku sa testa ku tabbatar da kanku.

Kwana goma komai lafiya lau. Ina kashe makunni, mota ta zama dutse. Ina kunnawa, in murɗa makulli in ji ƙas ɗin rile da ɗan kukan famfo daga baya, ta tashi bugu ɗaya.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya na ɗauki Hajiya, mahaifiyata, za mu Daura ta'aziyya. Mun wuce Mashi da kaɗan, na fito zan wuce wata tirela, ina tsakiyar jikinta na taka wani faci, sai injin ya ɗauke. Kamar an shaƙe shi. Daƙiƙa ɗaya, wataƙila biyu, sannan ya dawo da fizga. Akwai mota tana tahowa daga can gaba. Allah Ya tsare, na samu na koma bayan tirelar. Hajiya ba ta ce komai ba sai salati, amma na ga yadda ta damƙe carbinta. Da muka tsaya ta ce, "Kai, in motar nan ba lafiya gare ta ba, mu nemi ta haya." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Ni na taɓa motar da hannuna, ni na sa uwata a ciki.

Daga ranar abin ya zama ciwo. Yau ta yi, gobe ba ta yi ba. A cikin gari, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Kwaya, sai ta yi sau biyu, wata rana kuma in wuni ina yawo ba ta yi ko sau ɗaya ba. In na tsaya a gida na bar ta a sulo, sai ta yi awa guda tana kaɗawa sumul.

Abin da na fara zargi aikina ne, ba na musu. Na ɗauko mita na bi kowane haɗi. Daga fiyus zuwa 30, mita ta yi ƙara, alamar haɗin yana nan lafiya. Daga 87 zuwa famfo, ƙara. Daga 85 ta makunni zuwa bodi, ƙara, har da kusan sifili a allon mita. Injin yana aiki na auna a bakin famfo, na samu bolt 13 da 'yan kai. To ina laifin? Na canza rile, dubu biyu da ɗari biyar, bai daina ba. Na canza makunnin, bai daina ba. Na canza filtar mai, daman lokacinta ya yi. Daga nan zuciyata ta fara raya mini cewa ai aikina ba shi da aibi, famfon ne ya gaji, kawai dai ya dace da lokacin. Na ɗaga kafet ɗin but, na kwance murfi, na zaro famfo daga tanki cikin zafin nan na bazara, warin fetur har cikin maƙogwaro. Na sa na hannu, ɗan Beljiyam, dubu goma sha takwas. Wannan kuɗin ya yi mini ciwo, domin na cefanen gida na taɓa. Washegari da safe, wajen Ƙofar Marusa, na hau wani tudu, ta sake ɗaukewa. Na gangara gefen titi na kashe ta, na zauna shiru na fi minti goma. Har na yanke shawarar in tsinke komai in haɗa wayar yadda take, ɓarawo ya zo ya ɗauka in ya so.

Akwai wani dattijo ɗan rewaya a unguwarmu, ya rage aiki saboda ido, yanzu yaransa ke riƙe da wurin, shi yana zaune kan benci. Na je na gaishe shi bayan sallar azahar na kwashe labari na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, duk awon nan da ka yi, motar tana tsaye ko tana tafiya?"

Na ce, "Tana tsaye, Baba."

Ya ce, "To ciwon a tsaye yake kama ta?"

Ya sa yaro ya ɗauko ƙaramin kwan fitila irin na dashbod da waya biyu doguwa. Ya ce in ɗaura ɗaya a 87, ɗaya a negetif ɗin batir kai tsaye, in manna kwan inda idona zai riƙa ganinsa, in je in nemi hanya mafi muni in bi. In ya kifta lokacin da injin ya yi tari, in mayar da wayar kan 30 in sake bi. Ya ce mita mai lamba kafin ta gama tunani ta nuna maka, yankewar ta zo ta wuce, shi kuwa kwai ba ya jira.

Na samu wani layi marar kwalta a bayan unguwa wanda ruwan bara ya zaizaye. Giya ta biyu, ido ɗaya a hanya ɗaya a kwai. Ramin farko, shiru. Na biyu, shiru. A na uku ƙafar baya ta dama ta faɗa, kwan ya dushe ya dawo, injin ya yi tarin nan da na sani. Gabana ya faɗi, amma kuma na ji daɗi, don karo na farko kenan da na ga abin da idona. Na mayar da waya kan 30, na juyo na bi ramin nan sau huɗu. Injin yana tari, kwan yana nan tar, ko motsi. Kenan wuta tana isowa daga 167 lafiya, a wurin rile nawa take yankewa. Famfon da na cire ba shi da laifin komai.

Rile sabo ne, makunni sabo ne, saura me? Na zare wayar da ta fito daga makunni zuwa bodi, na haɗa ta da doguwar wayar nan ta negetif ɗin batir. Na bi ramin sau shida. Ko tari.

Sai na ɗaga kafet na duba inda na ɗaure ta tun farko. Sukuru ne mai cin ƙarfe da kansa, na huda shi a falle ɗaya na bodi, kan fenti, ban kankare ba. Da na haska tocilan na ga zaren abin da ke ƙarƙashin kafet ya shiga tsakanin zoben waya da ƙarfen, ga jar ƙura ta taru a wurin ta yi kamar lalle. Na sa yatsa na taɓa zoben, sai ya juya. Haƙoran sukurun kaɗai ke taɓa ƙarfe, su ma ramin ya buɗe saboda girgiza. In mota tana tsaye yana kwance a kan ƙarfen, mita ta yi ƙara, kowa ya gamsu. Da bodin ya murɗa a rami sai ya ɗaga kamar kaurin gashi, rile ya saki, famfo ya tsaya. Injin nan kuma matsin mansa kaɗan ne, wajen bar ɗaya a ma'aunin matsi, babu wani ajiyayyen ƙarfi a layi da zai rufe giɓin, shi ya sa nan take ake ji.

Gyaran bai kai minti ashirin ba. Na bar wannan ramin gaba ɗaya. Na nemi noti na asali mai kauri wanda ke ɗaure a jikin bodi, na kwance shi, na goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari yana ƙyalli, na sa sabon zobe na matse shi da filaya sannan na bi da dalma, na sa washa mai haƙora, na ɗaure tam, na shafa giris a sama saboda tsatsa. Tunda hannuna na ciki, sai na warware duk haɗin da na yi da murɗi da tef, na sake su da dalma da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Tef a motar da ke wuni a ranar Katsina narkewa yake, gam ɗin ya zama kamar kwalta, ya saki. Shi kansa rilen da yake lilo a kan wayoyinsa na ɗaure shi a jikin ƙarfe.

Na koma na faɗa wa Baba. Ya yi murmushi ya ce in riƙe kwan, kyauta. Na kai masa goro da ɗan abin shayi, da ƙyar ya karɓa.

Abu ɗaya da na ƙara, kuma ina ganin duk mai irin wannan aiki ya kamata ya yi: guntuwar waya mai kauri, tsawon yatsa, da kai mai faɗi a kowane ɓari. In rile ko makunni ya mutu a daji, in zare rilen in haɗa 30 da 87 a soket, mota ta koma yadda kamfani ya yi ta. Ba a cikin mota nake ajiye ta ba, tana cikin walat ɗina. Hanyoyinmu ba wuraren da mutum zai tsaya yana lalube bayan magariba ba ne.

Inda na ɓoye makunnin ba zan faɗa ba, ku ma kada ku faɗi naku, ko a majalisa. Abin da zan ce kawai, kada ya zama ƙarƙashin sitiyari ko gefen akwatin fiyus, nan hannun kowa ke fara zuwa. Kuma ya zama inda za ka taɓa kana zaune daidai, ba tare da ka sunkuya ba, domin mai son motarka yana iya tsayawa nesa ya kalli yadda kake fita daga cikinta kwana da kwanaki. Siririyar wayar na cusa ta cikin ɗaurin wayoyin mota na naɗe da tef irin na yadi, na shafa mata ƙura, ba ka bambance ta da na 1993.

Da na so in sa ƙaramar ƙararrawa mai tuna mini in na fita ban kashe ba, da kuma makunni na biyu a wayar koyil, amma yanzu na dakata. Kowane haɗi da na ƙara wani wuri ne da zai iya saki, kuma ina so in ga wannan ya ci damina ɗaya tukuna, in ga yadda notin zai yi da laima. Kwan Baba yana nan manne a gefen dashbod, zan bar shi har ƙarshen wata. Tsohon famfona na wanke shi na naɗe a leda, lafiyarsa ƙalau. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan koma Daura ni kaɗai, in ta je ta dawo ba tari, sannan in je in ce wa Hajiya ta shirya.