Biki ya kai ni Jos, tsakuwa ta riƙe ni

Jiya na dawo daga Jos. Hanyar Saminaka ba sai na ce komai ba, sanyin garin kuma mu 'yan Kano sai haƙuri.

Mai masaukina a Bukuru dattijo ne da ya yi aikin kuza tun yana saurayi. Muna zaune ƙofar gida sai ga wani matashi da ƙullin leda, duwatsu farare tas suna ƙyalli, wai daimon ne in kawo dubu hamsin. Baba ko kallon kirki bai yi musu ba ya ce "kai ɗauke ƙanƙararka ka ba mu wuri," wato farar tsakuwar nan mai ƙyalli da ake kira ƙanƙara ce, ba daimon ba. Ko kunya yaron bai ji ba wallahi, har da ce min Alhaji to kawo dubu biyar.

Washegari Baba ya ja ni bakin wani tsohon kududdufin haƙar kuza, ga irin duwatsun yaron nan birjik muna takawa. Ya ɗauki ɗaya ya goga mata wuƙa ko gezau, ya ja ta a jikin kwalba sai ga zane raɗau, ya ce wadda wuƙa ta ci ba ita ba ce. Ya fasa wata, bakin ya fito da kaifi da lanƙwasa irin na fasasshiyar kwalba. Masu mulmulallen jiki ruwa ne ya daɗe yana gangara su, wadda ta tsiro a ramin dutse ba abin da ya taɓa ta kuwa gefe shida gare ta da tsini, ja-ja ɗin jikin wasu kuma tsatsar ƙarfe ce kawai. Abin da ya fi burge ni wani dutse tofaz, shi ma fari ne kuma masu wanke kuza na samunsa, amma Baba a tafin hannu yake raba su don tofaz ya fi nauyi sosai. Ɗansa da ya yi boko ya ce a ma'aunin tauri ƙanƙara 7 ce, tofaz 8, daimon 10, kuma ƙanƙarar ita ce Quartz ɗin da ake rubutawa a fuskar agogo, yawancin yashin da muke gini da shi ma ita ce ta dandaƙe.

Dankalin turawa dai araha, na kasuwar 'Yankaba ta Kano sai ka ce zinare.

A dawowa wani mai kaki ya zazzage min jaka yana daka tsawa wai ina takardar ma'adinai, kan tsakuwar da na tsinto! Direba ne ya lallashe shi muka wuce.