Wasiƙa daga Delhi: hannun ƙanena yana nan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yafe mini gajeriyar gaisuwa, tambaya ɗaya ce ta cika mini waya: "An yanke hannun ne?" Ba a yanke ba. Jiya ma da shi ya sha kunu.

Kansar ƙashi ce, wadda likitoci ke kira ostiyosakoma, mai yawan kama matasa. Ta fi fitowa a wajen gwiwa, sai saman dantse, inda ta kama shi. Wata huɗu muka ɓata a gida ana cewa targaɗen ƙwallo ne, mai ɗori na murza kumburin, yaro na kwana yana kuka. Da na faɗa wa likita a nan, shiru ya yi, ya ci gaba da rubutu. Gara ma da faɗa ya yi mini.

Abin da ya fi cin raina takardu ne. Mun zo da fayil guda, kowane shafi da hatimi da sa hannu, amma da ƙyar likitocin nan suka leƙa. Ɗan naman kumburin da aka gutsura a gida don gwaji, aka daskarar cikin kaki, shi suke so, da faifan hoton MRI, su gani da idonsu. Mu kuwa mun baro su, ba wanda ya ce mu karɓa. Kwana 12 muna ƙirga silin a masauki, kuɗin ɗaki na tafiya, ga hazon Janairu da ya ninka hunturun Kano, kafin wani mai tahowa ya riƙo mana. Mai shirin zuwa ya karɓi nasa tun kafin biza.

Sai da ya yi mako 10 yana karɓar kemo, wato maganin cutar da ake ɗurawa ta jijiya, sannan aka shiga tiyata. Suka cire kan ƙashin da santimita 14 na dantsen, suka sa ƙarfen titaniyom, suka ɗinke tsokar kafaɗa a kewayensa. Yaron gadon kusa da mu nasa ƙashin aka fitar, aka kashe cutar da haske mai ƙarfi, aka mayar masa.

Likita bai ɓoye mana ba: yatsu da gwiwar hannu za su yi aiki, ɗaga hannu sama da kai kuwa da wuya. Ƙanen nawa ya ce, "Yaya, kabbarar sallah fa?" Yanzu ita yake gwadawa kullum a ɗakin gashin ƙashi, ya kusa kai kafaɗa.

Maganar kuɗi da abinci da na yi muku alkawari, sai wani jiƙon. Akwai sauran kemo a gaba. Mai tahowa ya riƙo mana kuka da daddawa.