Darussa daga awon ƙasar mutanen Creek a Jojiya da Alabama

Wanda ya buɗe takardun rabon ƙasa na jihar Jojiya ta Amurka, na farkon ƙarni na 19, zai yi ta cin karo da adadi ɗaya mai ɗaure kai: eka 202 da rabi, wato kimanin hekta 82. Wannan rabin ekar daga sarƙar awo ya fito. Sarƙar masu safiyo ta lokacin tsawonta ƙafa 66 ne, mai gaɓa 100, kuma sarƙa 80 ke yin mil ɗaya. Fili mai faɗin sarƙa ɗaya da tsawon sarƙa 10 shi ne eka guda. Idan aka yanka fuloti mai sarƙa 45 a kowane gefe, 45 sau 45 ya ba da 2,025, a raba gida 10, sai a sami 202 da rabi. Haka sarƙa 50 ke ba da eka 250, sarƙa 70 kuma eka 490, wanda aka yi amfani da shi a jigawar kudu inda ƙasa ba ta da ƙarfi. A rabon 1821, gundumar awo mil 9 ce a kowane gefe, wato sarƙa 720, wadda ke ɗaukar fuloti 16 cif. Cikakkiyar gunduma ke nan fuloti 256. An zaɓi girman ne don ya sauƙaƙa wa mai jan sarƙa lissafi a daji, manomin da zai karɓa shi ya san ta kansa.

Ƙasar ta mutanen Creek ce, wata al'umma daga cikin 'yan asalin Amurka, waɗanda ke kiran kansu Muscogee. Garuruwansu suna jere a bakin kogunan Chattahoochee, Flint, Coosa da Tallapoosa, suna da gonakin gayya a fadamu da dazukan farauta masu faɗi. Ta fita hannunsu ne kashi-kashi: yarjejeniyar Fort Wilkinson a 1802, ta Washinton a 1805, ta Fort Jackson a 1814 bayan yaƙin Horseshoe Bend, wadda ita kaɗai ta ɗauke fiye da eka miliyan 20, sai biyun Indian Springs a 1821 da 1825, sannan ta Cusseta a 1832. Bashin 'yan kasuwa, cin hanci da bakin bindiga duk sun yi aiki a ciki. Tun 1802 gwamnatin tarayya ta riga ta yi wa Jojiya alkawarin kawar da haƙƙin 'yan asalin ƙasar daga cikin iyakokinta.

Abu na farko da wannan tarihi ya koya mini shi ne a auna kafin a raba. Kafin 1803, tsarin Jojiya shi ne a ba magidanci takardar izinin eka 200, da ƙarin 50 a kan kowane mutum na gidansa, ya je ya zaɓi inda yake so, daga baya mai safiyo ya bi shi ya shata daga wannan itace zuwa wancan rafi. Filaye suka riƙa hawa kan juna. Mafi muni, a shekarun 1790 an zana taswirorin filayen da babu su a doron ƙasa, har aka ba da takardun kusan eka miliyan 29 a yankunan da gaba ɗayansu ba su kai miliyan 9 ba. Ga kuma badaƙalar Yazoo ta 1795, inda 'yan majalisar da aka saye suka sayar da kimanin eka miliyan 35 a kan dala 500,000. Sabon tsarin ya juya abin: a yanka ƙasa, a ba kowane fuloti lamba, a zana shi, a ajiye a ofis, sannan a nemi mai shi. Fulotin da ba shi da lamba a taswirar gunduma, babu wanda zai iya fitar masa da takarda.

A daji, tawagar ba ta da yawa: mai safiyo da kamfas a kan sanda, masu jan sarƙa biyu, da masu gatari da ke share hanya suna sassaƙe bawon itatuwan da layi ya bi. Galibi rabin sarƙa ake ja, mai ƙafa 33, don ta fi sauƙin miƙewa a cikin kurmi. Na gaba yana kafa tsinken ƙarfe a ƙarshen kowane ja, na baya yana tsincewa. Idan goma suka taru a hannunsa sai a yi kira, a rubuta, a mayar wa na gaba. A kowace kusurwa a kafa turke ko a zaɓi itace, a rubuta irinsa. Zanen kowane fuloti yana nuna kusurwoyi, rafuka, darajar ƙasar (ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ko jigawa) da sunayen masu jan sarƙar, saboda su ne shaidu idan rigima ta taso.

Kurakuran sanannu ne, kuma kowanne yana da alkiblar da yake karkata. Sarƙa takan ƙara tsawo saboda zobban da ke haɗa gaɓoɓinta suna cinyewa. Idan ta ƙaru da gaɓa ɗaya cikin 100, fulotin da aka rubuta eka 202 da rabi zai haura 206 a ƙasa, shi ya sa ake gwada ta da wata sarƙar da aka ajiye ba a aiki da ita. Gangara kuwa akasin haka take yi. Idan aka shimfiɗa sarƙa a kan tudu mai karkatar digiri 10 maimakon a riƙe ta a miƙe, gefen fuloti zai gaza da kusan ƙafa 45. Idan aka manta da kira ɗaya na tsinke goma, an yi kuskuren ƙafa 330 a take. Wannan ya fi sauƙin kamawa, don layin ba zai haɗu da turken da aka nufa ba.

Kamfas ya fi su duka yaudara, domin kuskurensa ba ya nuna kansa sai an yi nisa. Allurarsa tana nuna arewar maganaɗisu ce, wadda ta bambanta da arewa ta haƙiƙa, kuma bambancin yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga shekara zuwa shekara. Ƙarfen da ke cikin ƙasa, ko gatarin da aka tsaya da shi kusa, yana iya janye ta. Kuskuren digiri ɗaya yana kauce wa layi da kimanin ƙafa 92 a mil guda, a gefen gunduma mai mil 9 kuwa ya haura ƙafa 800. Ƙara da cewa ana biyan mai safiyo ne a kan yawan mil ɗin da ya ja. Wanda ake biya haka ba zai so komawa baya ya sake layi ba.

Duk da haka, dokar tarayya ta 1805 ta tsayar da ƙa'idar da masu safiyo a Amurka ke bi har yau: kusurwar da mai awo na farko ya kafa ita ce kusurwa, ko da ya yi kuskure. Aikin wanda ya zo daga baya shi ne ya gano inda na farko ya taka, ba ya gyara masa ba. Da farko abin yana kama da kare kuskure, amma in da za a riƙa matsar da turaku duk lokacin da aka sami na'ura mafi kyau, babu iyakar da za ta zauna. Shi ya sa har gobe takardun filaye a Jojiya suke ambaton waɗancan lambobin. Tsakiyar birnin Atlanta tana kan fuloti na 77 a gunduma ta 14, daga rabon 1821.

Rabon kansa da ƙuri'a aka yi shi. Wanda ya cancanta ya yi rajista a ƙaramar hukumarsa, a aika sunaye babban birnin jiha, Louisville da farko, daga baya Milledgeville. A zuba takardun sunaye a ganga ɗaya, na fulotai a wata, a juya, a riƙa zaro ɗaya daga nan ɗaya daga can. A rabon 1805, farar fata gwauro mai shekara 21 yana da ƙuri'a ɗaya, mai iyali biyu, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara biyu, marayun gida ɗaya kuma ɗaya. Wanda ya dace ya biya santi 4 a kan kowace eka, wato dala 8 da santi 10, ya karɓi takarda. A 1821 kuɗin dala 19 ne. Guntayen fulotan bakin kogi ba a saka su a ganga, gwanjonsu ake yi. Baƙaƙen fata, bayi ko 'yantattu, da masu ƙasar na asali ba sa cikin lissafi. Da yawa daga waɗanda suka dace kuma sayarwa suka yi ba su taɓa ganin filin ba, don haka dillalai ba su rasa komai ba, sai dai sun koma saye daga hannun mutum ɗaya-ɗaya.

Rikicin 1825 yana nuna abin da ke faruwa idan aka fara yanka ciki alhali iyakar waje ba ta tabbata ba. William McIntosh, ɗaya daga cikin shugabannin Creek, ya sa hannu a yarjejeniyar Indian Springs a watan Fabrairu ba da yardar majalisar al'ummarsa ba, wadda ta riga ta yanke hukuncin kisa a kan duk wanda ya yi haka. A ranar 30 ga Afrilu aka zartar masa da hukuncin. Shugaban Amurka John Quincy Adams ya sa aka soke yarjejeniyar da wata sabuwa a Janairun 1826. Amma layin sabuwar an tsara shi ne a takarda kafin a ja iyakar Jojiya da Alabama a ƙasa, da aka ja sai ga wani ziri na ƙasar Creek ya rage a ɓangaren Jojiya. Gwamnan Jojiya George Troup, wanda ɗan'uwan McIntosh ne na jini, ya ce shi tsohuwar yarjejeniya ya sani, ya tura masu safiyo cikin zirin. Adams ya yi barazanar tura soja, Troup ya ce dakarun jiharsa su zauna cikin shiri. A ƙarshe tarayya ta matsa wa Creek suka saki zirin a Nuwamban 1827.

A Alabama tsarin tarayya aka bi. Ana farawa daga manyan layuka biyu, na St. Stephens a kudu da na Huntsville a arewa, a yanka yankuna masu mil 6 a kowane gefe, kowanne a raba shi sashe 36 masu eka 640, a ware na 16 don makarantu. Da yake layukan arewa suna matsowa kusa da juna yayin da ake hawa, murabba'i ba ya fita cif, sai doka ta ce a tura duk ragi ko ƙari zuwa sassan gefen arewa da na yamma. Dabara ce mai kyau: an san kuskure dole ne, aka yi masa masauki. Inda aka yi sakaci shi ne wajen sayarwa. Gwanjo ake yi daga dala 2 a eka, a biya kashi ɗaya cikin huɗu, sauran cikin shekara 4. Auduga tana tsada, mutane suka yi ta ɗaga farashi da kuɗin da ba su da shi, a Milledgeville a 1817, daga baya a Cahaba. Da kasuwa ta faɗi a 1819, bashin filaye da ke kan mutanen Alabama ya kai kimanin dala miliyan 11. A 1820 aka hana bashi, aka mayar da farashi dala 1 da santi 25, kuɗi hannu. Akwai kuma matsalar da ba a cika faɗa ba: mai safiyo shi ne ya fara sanin inda ƙasa mai kyau take. John Coffee, wanda ya yi yaƙin Horseshoe Bend sannan ya zama babban mai safiyo a Alabama, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin cinikin filaye na Cypress.

Yarjejeniyar Cusseta ta 24 ga Maris 1832 ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin a nan awon ya yi daidai gwargwado, abin ya lalace ne a wajen haɗa mutum da fili. Creek sun saki sauran ƙasarsu ta gabashin kogin Misisipi, kimanin eka miliyan 5, bisa sharaɗin shugabanni 90 kowa ya sami eka 640, kowane magidanci 320, a ware sashe 20 don marayu. Bayan shekara 5 wanda ya zauna a ba shi takardar mallaka, wanda ya so sayarwa kuma ya sayar a gaban jami'in gwamnati, shugaban ƙasa ya amince. Benjamin Parsons da Thomas Abbott suka yi ƙidaya, suka rubuta magidanta sama da 6,500.

Tun daga nan aka fara samun tangarɗa. Mutanen suna zaune ne a cunkushe a bakin kogi, gonakinsu a haɗe. Fili ɗaya mai eka 320 yana iya ɗauke da gidaje da yawa, amma mutum ɗaya za a rubuta wa, sauran a tura su wani wuri, wani lokaci kan tudun da ba ya noma. Sunayen kuma Turawa ne suka rubuta su da kunne, daga harshen da ba su ji, ga sunaye masu kama da juna a garuruwa daban-daban, ga babu wata shaida da ke nuna wane ne wane. Dillalai, musamman na garin Columbus, suka gano wannan ƙofa. Sai su ɗauko wani mutumin Creek su koya masa suna da garin mai filin, ya yi sojan gona a gaban jami'i, ya yi alama a takarda, a ƙirga masa kuɗi a idon kowa. Suna fita waje a karɓe kuɗin, a bar masa 'yan daloli. Mai filin na gaskiya ba zai sani ba sai ranar da aka zo tashinsa. Jami'in yana duba lambar sashe a taswira ya ga ta yi daidai, ya duba suna a rajista ya ga yana nan, fuskar ce kawai ba shi da hanyar tantancewa. Da an yi cinikin a dandalin garin mai filin, a gaban shugabanninsa, da wuya sojan gona ya yi tasiri.

Shugabannin Creek, ciki har da Opothleyahola, sun yi ta kai ƙara Washinton. A 1835 aka tura John B. Hogan ya bincika, ya kuwa tarar da maguɗi mai yawa. Kafin a warware, yunwa da kora suka tunzura wasu garuruwan Creek suka ɗauki makami a 1836, gwamnati ta riƙe wannan hujja ta ba soja umarnin kwashe al'ummar gaba ɗaya. A 1836 da 1837 aka tafi da su yankin da yau ake kira Oklahoma, galibinsu tun wa'adin shekara 5 na karɓar takardar mallaka bai cika ba.