Digirin kasuwanci a jami'ar kusa da gida: riba ce ko faɗuwa?

Da zarar JAMB ta fara sayar da fam, iyaye kan tsaya a bakin shagonmu a kasuwar Singa su tambaye ni ko su bar yaro ya cike fannin harkokin kasuwanci. Ni suke tambaya saboda shi na karanta, a wata jami'ar jiha a nan Arewa, kuma ga ni a kan benci ina rubuta katan-katan na taliya da madara a shagon kawuna. Wasu da gaske suke tambayar, wasu kuma habaici ne. Amsata dai ɗaya ce: kwalin shi kaɗai ba ya kawo kuɗi mai kauri, sai an jingina shi da wani abu. Abin da za a jingina shi da shi ya kamata a fara nema kafin a cike fam.

Yawancin mutane kuɗin rajista kawai suke ƙirgawa. Ta nan jami'ar kusa da gida ba ta da abokiyar gasa: yaro zai kwana a ɗakinsu, ya ci tuwon gidansu, ɗan asalin jiha kuma yakan biya ƙasa da baƙo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya zama wani abu, jami'o'i da dama kuma sun ƙara kuɗin rajista a shekarar, amma duk da haka ba za a haɗa shi da jami'a mai zaman kanta ba.

Babban kuɗin da ake biya shi ne lokaci. A takarda shekara 4 ce. Amma wanda ya shiga a 2019 ya tarar da yajin aikin ASUU na 2020 da ya ci kusan wata 9, sannan na 2022 da ya faro ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ƙara jiran sakamako, jiran kiran bautar ƙasa, da shekarar bautar kanta. Shekara 6 ta wuce, wani lokacin har da ɗoriya. Sa'ansa da ya shiga Kantin Kwari ko Dawanau a matsayin yaron shago a wannan tsakanin ya san kaya, ya san 'yan sari, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake ce wa kaya sun ƙare. In ya yi dace da ubangida mai tsoron Allah, an ma buɗe masa tebur nasa. Wannan ita ce uwar kuɗin da ɗalibi ya zuba, ko da bai taɓa ganin ta a hannunsa ba.

To me take dawowa da shi? Mai bautar ƙasa yanzu yana karɓar naira 77,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma ba kowane mai kamfani ko mai makaranta ya san da zamansa ba. Na san abokan karatu da ranar da suka cire kakin bautar ƙasa ita ce ranar da samunsu ya ragu, domin makarantar kuɗin da ta ɗauke su koyarwa ba ta biyan ko kusa da alawus ɗin da suka saba. Aikin gwamnati yana ɗaukar mai digiri a mataki na 8, yana da fansho da kwanciyar hankali, sai dai kowa ya san yadda ake samun sa. Bankuna kuwa galibi suna sa iyakar shekaru, 26 ko 27, yajin aiki kuma ya riga ya cinye wa yaronmu su. Da yawa daga waɗanda kake gani a kan kanta da lakataye ma ba ma'aikatan bankin ba ne kai tsaye, wani kamfani ne ya ɗauke su haya, albashi kaɗan, ga adadin kuɗin ajiya da aka ɗora musu su nemo kowane wata.

Ana yawan tambaya ko sunan jami'a yana da tasiri. Manhajar kusan ɗaya ce, tunda NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ce ke shimfiɗa ta ga kowa. Bambancin yana wajen tsofaffin ɗalibai. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take yaye mutane, duk ma'aikatar da ka shiga za ka tarar da wani a kan kujera da ya zauna a harabarta ta Kongo ko ta Samaru. Jami'o'in tarayya na Dutse, Dutsin-Ma da Kashere kuwa a 2011 aka kafa su, ta Gusau a 2013. Ɗalibansu na farko har yanzu hawa suke yi, ba su kai inda za su jawo wani ba. Wannan ba laifin malamansu ba ne, shekaru ne kawai.

Inda na ga kwalin ya biya kansa a fili shi ne cikin shago. A 2023 da 2024, lokacin da farashi ke tashi kusan kowane mako, kawuna yana sayar da kaya yana ganin riba, aljihun tebur cike da kuɗi, amma sito yana ramewa. Wata ranar Asabar bayan la'asar na buɗe masa littafi. Na nuna masa layi ɗaya: katan da ya saya, a ce, dubu 10, ya sayar dubu 10 da ɗari biyar, da ya koma kamfani ya tarar da shi dubu 11 da ɗoriya. Ya sa tabarau ya bi layin da yatsa har ƙasa.

"Wato ni nake ba su sadaka ke nan?"

Na ce, "Kawu, ribar tana nan a takarda. Katan ɗin ne ba ya dawowa."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗan boko, daga yau kafin a faɗi farashi a bugo wa kamfani a ji na yau."

Daga nan muka raba kuɗin cefanen gida da kuɗin shago, muka fara rubuta ranar da kowane bashi ya fita da ranar da ya kamata ya dawo. Da wani kamfanin abinci ya nemi dila, ya ce sai mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar biyan haraji, da bayanan asusun banki masu tsabta. Maƙwabtanmu da suka fi mu jari sun tsaya neman wanda zai cike musu takardu, mu kuwa namu suna cikin fayil. Ba na cewa tsofaffin 'yan kasuwa ba su san waɗannan abubuwa ba. Kawu ya fi ni sanin ciniki nesa ba kusa ba, yana kallon fuskar mutum ya san ko zai biya. Abin da ba ya yi shi ne rubutawa, kamfani da banki kuma rubutu suke ji.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, abin da nake ci da shi yau daga darussa uku ko huɗu ya fito: lissafin kuɗi, dokar kasuwanci, da ɗan abin da aka koya mana na sarrafa jari. Sauran haddar ra'ayoyin masana shugabanci na Amurka ce daga handaut, a rubuta a jarrabawa a manta. Darasin koyon sana'a da aka wajabta wa kowa kuwa, mu dai sabulun ruwa muka haɗa a bokiti, aka ba mu maki, aka watse.

A majalisa, masu ƙin boko suna kawo Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma ba tare da digiri ba. Masu son boko su ce ai Aliko Ɗangote kasuwanci ya karanta a Azhar ta Alƙahira. Kowannensu ya bar rabin labarin. Ɗangote daga gidan fatauci ya fito, kuma da rancen kawunsa ya fara a 1977. Karatun ya zo ya tarar da jari da suna suna jiran sa.

Don haka ɗan gidan kasuwa, ya je ya karanta, amma kada ya bar shago ranar Asabar da lokacin hutu. Haka 'ya mace da ke sayar da atamfa ko turaren wuta ta WhatsApp, wadda sau da yawa jami'ar garinsu kaɗai za a bar ta ta shiga: tana da inda za ta gwada abin da aka koya mata tun a zangon farko. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da ba shago, ba jari, ba kowa a sama. Shi gara ya karkata ga karatun akanta, ya fara jarrabawar ICAN ko ya nufi ANAN daga baya, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, domin wannan takarda ce da ake nema da sunanta a tallan aiki, ba kamar digirin kasuwanci da dubbai ke riƙe da irinsa ba.

Rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024 ya sauƙaƙa wa marasa hali: ba ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 na kashewa a wata, ana fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Bashi ne dai, a rubuta shi a littafi. Kafin a biya ko sisi kuma a tabbatar NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar, don kada a gama a rasa kiran bautar ƙasa.

Yaron da ya riga ya kama ƙasa a kasuwa kuwa, akwai karatun ƙarshen mako da jami'o'i da yawa ke yi, ba sai ya rufe tebur ba. Masu irin wannan digiri ba sa zuwa bautar ƙasa, takardar keɓewa ake ba su. Ga mai shago wannan ba komai ba ne, amma mai hangen aikin ofis ya fara tambayar ma'aikatar da yake so ko tana karɓar ta.