Fanka na juyawa, allo baƙi

Aikin da ya fi shigowa shagona, nan kusa da kasuwar Dole a Damagaram, shi ne kwamfutar tebur da aka kunna, fanka na juyawa, fitilar gaba na ci, amma allo baƙi ƙirin. Wani lokaci allo biyu ne a haɗe, irin na masu buga takardu da haɗa hotunan biki, duka sun yi tsit. Mai ita yakan zo hankali a tashe, ya riga ya yanke cewa takardunsa sun tafi. Da wuya haka ta kasance. Lokacin da tambarin HP ko Dell ya kamata ya fito, ba a ma kai ga karanta faifan ajiya ba, balle a ce shi ne mai laifi.

Ba na kwance ko noti ɗaya sai na leƙa baya. Kwamfuta mai katin hoto na daban tana da ramuka kashi biyu, na babban faranti (wanda duk sassan ciki ke haɗe a kansa) a sama, na katin a ƙasa. Yaron buro ya zo shara, ya zare waya, ya mayar a na sama, shi ke nan hoto ya ɗauke. Haka wayar VGA mai shuɗin kai: allura 15 ne a bakinta, ɗaya ta lanƙwashe ya isa ya ɓata maka yini. Ko kuma waya na ramin HDMI, allo na can yana jiran saƙo ta wata ƙofa. Idan allo biyu ne, nakan cire ɗaya in gwada kowane shi kaɗai.

In baya lafiya, sai kunne. Maigidana da na koyi aiki a wurinsa, a wani shagon intanet a Sabon Gari, ba ya bari ka buɗe akwati sai ka faɗi abin da ka ji. Yakan zare RAM, wato ɗan katin ƙwaƙwalwar kwamfuta, a ɓoye, ya kunna, ya ce: "To, yaro, mi ta ce maka?" Sai ka ƙirga ƙarar, gajera ce ko doguwa, sau nawa. Kowane kamfani da nasa tsarin. Wasu Dell ma da ƙiftawar fitilar makunni suke magana. Allah ya saka masa, har yau da wannan kunnen nake cin abinci.

A garinmu kuwa RAM ce ta fi kwantar da kwamfuta, saboda ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ba ya barin ko'ina. In zare kuran, in danne makunni ya zubar da sauran wutar da ta rage, in fiddo RAM ɗin, in goge bakin zinariyar da robar goge fensir ta ƴan lakwal, in hure ramin, in mayar har kunnuwan biyu su kama. Idan biyu ne, ɗaya bayan ɗaya. Bayan nan akwai ɗan batirin CR2032 mai volt 3, da akwatin wuta mai raba kuran ga sassan kwamfutar, wanda ɗaukewar kuran da dawowarta ke gajiyarwa: fanka na iya juyawa alhali layin volt 12 ya yi rauni. Wannan da mita nake aunawa, ba da ido ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu gyaran da suka sayi filas jiya, yau sun kafa tebur. Allo baƙi, sai su zare faifan mutum su goge, wai Windows ce ta lalace. Ina ruwan Windows da allon da ko tambari bai nuna ba? Wasu su sa masa katin hoto na gwanjo da ba a gwada ba. Daga ƙarshe nan ake kawo ta, takardun shekaru sun salwanta a banza. Sannan idan na tayar da ita, Alhaji ya ce: "Haba Malam, minti goma fa ka yi, a rage mana." Shekarun da suka koya mini inda zan duba ba ya sa su a lissafi.

Duk wanda zai kawo tasa, ya haɗo da allunan da wayoyinsu duka, ba akwatin kaɗai ba, ya kuma lura ko ta yi ƙara da ya kunna. Kada kowa ya taɓa faifan kafin ta iso.