Talata, ni da fankar obin a Lekki

Yau ko karyawa ban yi ba na bar Agege. Ina idar da sallar asuba waya ta shigo, manajan wani gidan shan kofi ne a Lekki, wai obin ɗinsu na gasa abinci kwana uku kenan yana raina musu hankali, ya yi aiki kamar minti goma sha biyar ya ɗauke, in ya huce ya dawo, can kuma ya sake ɗaukewa. Oga ya tafi Kano ta'aziyya tun Asabar, don haka ni kaɗai na saɓi jaka. Danfo zuwa Oshodi, daga nan Obalende, gosulo a kan gadar Third Mainland kamar an ɗaure motocin da igiya. A da in na sauka acaba nake hawa in ƙarasa, amma tun da aka hana su yankin nan a 2022 sai dai haƙuri. Ban isa ba sai tara da rabi.

Wannan obin ba irin na gidajen burodinmu na Agege ba ne fa. Ɗan ƙarami ne a kan kanta, amma aiki biyu yake haɗawa lokaci guda, maikurowef yana dafa cikin abinci, iska mai zafi kuma wajen digiri 260 ana hura ta da ƙarfi tana gasa bayansa, shi ya sa sanwici ko minti ɗaya ba ya cikawa. Fanka iri biyu ce a ciki. Akwai babbar da ke hura zafin, akwai ƙaramar da ke sanyaya maganatiron, wato abin da ke samar da zafin maikurowef, da allon da ke sarrafa komai, kuma in ƙaramar nan ta tsaya akwai ɗan makunni mai jin zafi da ke yanke wuta don kada abu ya ƙone. Tun a waya da ya ce "in ya huce yana dawowa" zuciyata ta tafi kanta.

Manajan ya tare ni da cewa ai wani ya zo jiya ya ce injin fankar ya ƙone, sai an yi odarsa daga waje, sati uku. Na ce to bari dai in gani da idona.

Na zare filogi, na buɗe murfin gefe. Kafin in taɓa komai sai da na sauke cajin babbar kafasitar maikurowef ɗin, wato abar da ke tara wuta, don wannan abar tana iya riƙe sama da bolt 2000 ko bayan an cire wuta, kuma ba ta san gwani ba. Ranar da na fara aiki wurin Oga abin da ya fara nuna min kenan tun kafin ya koya min riƙe mita. Yaron kicin ya matso yana leƙe da wuƙar yanka burodi a hannu, na ce malam ja baya.

Sai na zaro filta, matatar iskar da ke shiga obin ɗin. Kai! Wallahi kamar tsumman mai tuyar ƙosai, maiko da ƙura da garin fulawa sun haɗu sun yi kauri, na ɗaga ta saitin fitila ko ɗigon haske bai ratso ba. Na tambayi yaron yaushe rabon da a wanke, ya ce au dama fita take? Abin da ya kamata a ce kullum in an tashi aiki an duba shi. Ban ga laifinsa sosai ba, wata biyu kenan da ɗaukarsa kuma ba wanda ya nuna masa.

Ƙaramar fankar kanta na sa yatsa na juya, tana juyawa amma da nauyi, ba ta yin wannan sulɓin da mai lafiya ke yi, ga ɗan ƙara ƙur-ƙur daga boris, zoben da sandar fankar ke juyawa a ciki. Na ɗora mita a kan koyil, naɗin wayar da ke cikin injin fankar, yana karantawa lafiya lau, bai yanke ba, bai taɓa jiki ba, na sa hanci kuma babu warin ƙuna. Koyil ɗin da ya ƙone ai ba ya ɓuya, hanci ma ya isa. To ina wanda ya zo jiya ya ga ƙuna? Allah masani. Na mayar da wuta da taka-tsantsan na tsaya daga gefe, fankar ta yi gunji kawai ba ta motsa ba, na ɗan tura fiffiken da tsinken roba sai ta kama gudu a kasalance. Shi kenan, ƙaramar kafasitar fankar ce, wadda ke taimaka mata tashi. Na sake kashewa, na sake sauke caji, na cire ta, ƴar mitsitsiya kamar akwatin ashana, an rubuta ƙarfinta 2 ne a jikinta amma mita ko 1 bai kai ba, gefe guda har ya kumbura.

Na kira Oga don in tabbatar. "Ranka ya daɗe, koyil lafiya, kafasita ce da boris." Ya ce kai yaro ka duba farantin bayan obin ɗin tukuna. Na duba, ashe tokumbo ne daga Amurka, an rubuta 60Hz, wato saurin bugawar wutarsu, mu kuwa wutarmu 50Hz ce, ma'ana ko da lafiyarta ƙalau fankar ba za ta yi gudun da aka ƙera ta ta yi ba, ga filta a toshe, ga zafin kicin, ga canji tsakanin janareta da wutar gari sau nawa a rana. Ni ban ma yi tunanin wannan ba, kunya ta ɗan kama ni.

Kafasita mai wannan lambar ba ni da ita a jaka, kuma zuwa kasuwar kayan lantarki ta Alaba daga Lekki kwana ne. Baba maigadinsu, wani dattijo Basakkwace, shi ya cece ni. Muna alwalar azahar a bayan gida ya ce ɗana me ya hana ka gwada masu gyaran fanka da AC na Obalende? Na ce Baba Allah ya ƙara girma. Shago na uku na samu, lamba ɗaya, bolt 450. Na dawo na tarar ya ajiye min rabin tuwonsa a kwano, na ƙi na ƙi har na ci.

Na wanke fiffiken, na ɗiga wa boris mai, yaron ya dirje filta da ruwan zafi da omo har sau uku. Muka kunna. Minti arba'in yana aiki bai ɗauke ba, iska na fita ta baya da ƙarfi har tana kaɗa takardar oda da ke manne a bango. Suka gasa sanwici na gwaji suka ba ni, ni dai tsire ya fi min.

Wurin biya ne aka yi ta. Manajan ya ɗauki tsohuwar kafasitar yana jujjuya ta, wai saboda wannan ɗan abin zan caje shi haka? Mutumin da ɗazu ya shirya biyan kuɗin sabon inji daga waje. Na ce yallabai in ka fi so in mayar maka da ita sai ka jira sati ukun. Ya yi dariya ya tura.

Na gaya masa gaskiya boris ɗin ba zai daɗe ba, man da na sa na ɗan lokaci ne. Na kwafi lambar boris ɗin a bayan hannuna da biro don takardata ta jiƙe da maiko, Alhamis in Allah ya kai mu zan nemo shi in koma. Magariba a kan gada ta same ni, isha'i a Oshodi. Yanzu na shigo ɗaki, ba wuta, kuma tawa fankar ma tun watan jiya sai na tura ta da sanda take tashi.