Ragar da ta cinye mini tumatir a Kassala

A Kassala, a ƙasar Sudan, kowa ya san lokacin da tumatir ke tsada: daga bazara har bayan damina, kafin sanyi ya shigo lambunan bakin kogin Gash su fara kawowa kasuwa. Abin da ya sa na kafa rumfar shuka a bayan gida ke nan, tsawo mita 6, faɗi mita 4, da bututun ƙarfe da maƙerin unguwarmu ya lanƙwasa mini. Ginin bai ba ni wahala ba. Na zurfafa ramukan ƙafafun na zuba siminti saboda habub, wato guguwar ƙura, na rufe sama da leda mai jure rana, mai kaurin maikiron 200, na bar gefuna domin raga. Mu nan ba sanyi muke gudu ba kamar mutanen Turai, zafi da ƙwari ne matsalarmu.

Ragar ce ta kwance mini lissafi. Na ce wa mai shago ina son wadda ke hana ƙwari shiga, ya jawo koriyar nan ya ce, "Alhaji, wannan ko sauro ba ya ratsa ta." To ni ba sauro na zo tarewa ba. Ragar inuwa ce, aikinta rage kaifin rana kawai, shi kuwa farin ƙuda da bai wuce milimita 1 ba, ta cikin hudojinta yake shige da ficensa.

Dashen ya kama gwanin sha'awa. Daga baya sabon toho ya fara fitowa ƙanana, gefunansa rawaya, yana naɗewa sama kamar cokali, shukar ta tsaya cak ba ta ƙara tsawo, fure yana zuba. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, shiru. Baffana, wanda ya tsufa a aikin lambu, ya zo ya juya ganye ɗaya, sai ga fararen ƙudajen sun tashi buu. Ya ce, "Ɗana, tuge su. Wannan ba ƙishirwa ba ce, ciwon naɗe ganye ne, kuma ba shi da magani." Ƙwayar cutar bairos ce da ƙudan ke ɗauka daga shuka zuwa shuka in yana tsotsar ruwan ganye. Kafin alamar ta bayyana an yi mako biyu zuwa uku da kamuwa, saboda haka ranar da ka gani ka riga ka makara. Da hannuna na tuge su duka na cusa a buhu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin rumfar da na kashe wa kuɗi ita ce ta zame wa ƙudan mafaka: ga inuwa, ba iska, ba ruwan sama da zai dame su, ga kuɓewata a jikin katanga tana ta ƙyanƙyashe mini su.

Ragar gaskiya fara ce, mai lamba 50, wato zare 50 a kowane inci. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma kada ka karɓi maganar baki, a nuna maka lambar a jikin naɗin. Na bar rumfar fayau na ɗan lokaci, na cire kuɓewa da gautan da ke kusa, na binne bakin ragar a ƙasa, na yi ƙofa biyu ta yadda ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Na rataye allunan rawaya masu danƙo, irin kuma a ciki nake renonsa, ba na sayo dashe daga waje. Koriyar ragar na ɗora ta a kan rufi, inda nan ne wurinta tun farko.

Farar ma tana da nata. Tana toshe iska, sai da na buɗe taga a ƙololuwar rufin na rufe ta da ragar, kuma bayan kowace ƙura sai an wanke ta. Ƙudan zuma ba ya shiga, don haka da hantsi nake bi ina girgiza igiyoyin da tumatir ke hawa domin fure ya ɗauka. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ba na ma wahalar da kaina, tunda furen tumatir zuba yake in an wuce 35. Lalo nake zubawa a lokacin. Amma tumatirin da na dasa a ƙarshen damina ya yi, ganye shimfiɗe, 'ya'ya nono-nono, har maƙwabta suka samu.

Na koma wurin mai shagon da ganye ɗaya naɗaɗɗe a hannu. Ya duba ya ce, "Ai ba ka ce farin ƙuda ba, Alhaji." Koriyar ragar tana nan rataye a ƙofarsa, kuma da kunnena na ji yana gaya wa wani cewa tana hana ƙwari.